Baba Mai Yi wa Ɗaki Idda

Wanda ya ba mu aron Baba ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, mu ma kuma can muka nufa. Ni ba a gidan labarin ya same ni ba. Ina unguwar Pisi ina wanki, maƙwabciyata ta dawo daga cikin gari ta ce ta biyo ta Zango, ta ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan da na taso, har an tare hanya da benci. Ban tambaye ta ko wane ne ba. Na bar kayan a cikin ruwa, na ja mayafi na fita neman tasi.

Da na isa ban shiga ba. Na tsaya a rumfar mai facin taya da ke tsallaken hanya, ina kallon ƙofar da na yi shekara goma sha huɗu ina shiga ina fita. Na sha zuwa gidan mutuwa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Rabin mutanen da ke kan tabarmin tsofaffin 'yan hayar Baba ne, waɗansu na san su, waɗansu sun bar gidan tun kafin aure ya kawo ni Wagadugu. Direbobin Nijar sun jera manyan motocinsu har bakin masallaci. Sai ka ga mutum yana share hawaye, can kuma ka ji ya ce wa na kusa da shi, "A'a, ɗakin kusa da rijiya ni na fara zama cikinsa, kai a bayana ka zo." Gardama ta kaure, liman ya yi gyaran murya, a yi shiru, jim kaɗan a sake ɗauka. Wani Alhaji ɗan Kano mai sayar da shadda ya zauna dirshan a ƙasa yana cewa, "To yanzu in na tafi, wurin wa zan dawo?" Wani tsoho kuma ɗan ƙabilar Moshi, mai amalanken jaki, ya tsaya can gefe da hularsa a hannu, duk wanda ya gifta sai ya ce masa, "Zaksoba ya tafi." Haka Moshi suke kiran mai gida, kuma a bakinsu Baba ba shi da wani suna sai wannan.

Ga abin da ya tsayar da ni a tsallake. Kwana talatin da ɗaya kafin wannan Talatar na gaya wa Baba maganar da ba a gaya wa babba, na ajiye masa mabuɗin ɗakinsa, na kwashe kayana na tafi alhali wa'adin hayata bai cika ba. Ban koma na ba shi haƙuri ba. Kullum sai in ce sai Juma'a, sai na huce, sai ya huce. Da aka fito da makara aka wuce ta gabana, tambaya ɗaya ce a raina: ya yafe mini, ko ya tafi da abin a zuciyarsa? Ranar ban iya tsallaka hanyar ba, washegari ma na zo na tsaya na koma.

Yanzu gidan babu shi, layin ma babu, an rushe an share an yi waɗansu gine-ginen. Shi ya sa nake rubuta wannan, don jikokinsa da suke tasowa a sabuwar unguwar Waga Dumil, suna jin Faransanci fiye da Hausa, su san wane ne kakansu, kada ya zama hoto kawai a bangon falo. Allah ya yi masa rahama, ya saukar da shi a gidan da ba a tashi daga cikinsa.

Baba ɗan guntun mutum ne, siriri, in ya sa babbar riga sai ka rantse rigar ce ke tafiya ita kaɗai. A Zango aka haife shi, kakansa ne ya zo da fatauci daga ƙasar Hausa ya kafa gidan. Ɗaki tara ne na haya kewaye da tsakar gida, da darbejiya a tsakiya, da rijiya, sai sashensa shi da matarsa, wadda duk muke kira Inna. Yana da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, da tsohuwar mobilet shuɗiya, irin ƙaramin babur ɗin nan, wadda ba ta tashi sai an yi mata feda daga ƙofar gida har kwanar masallaci. Ni Barkono yake ce mini, kuma ban taɓa cewa ya yi mini ƙazafi ba.

Hayarsa ba ta da takarda. Daga Babbar Salla zuwa Babbar Salla ake ƙulla ta, a zaure, a gaban mutum biyu, a fasa goro a ci. To amma mutanen Zango ba mazauna ba ne. Ɗan kasuwa zai ji an ce kaya na tafiya a Lome, direba ya samu mota a Yamai, wani kuma matarsa ta ƙi zaman Wagadugu. Da wuya shekara ta zagayo ba a samu mai son tashi kafin lokacinsa ba. Sauran masu gidaje faɗa suke yi, a riƙe katifa, a kai ƙara wurin mai unguwa. Baba bai taɓa riƙe ko cokalin wani ba, amma nasa tsarin ya fi riƙe katifa wuya ga mai kunya.

Duk mai son tashi sai ya zo zaure bayan la'asar ya zauna a kan buzu. Baba zai rage muryar rediyo ya yi masa tambaya uku.

"Ina za ka? Wa ka sani can? Ka gaya ma matarka?"

Ta ukun ita ke kama mutane. Na ga ƙato mai gemu ya amsa biyun farko da ƙarfinsa, da aka zo ta uku ya kama wasa da gashin buzu. Baba ya ce, "Tashi ka je ka gaya mata, ka dawo gobe." In kuwa inda za a koma cikin gari ne, to sai ya hau mobilet ya je ya gani da idonsa. Ya leƙa makewayi, ya ɗanɗana ruwan, ya tambayi mai tebur na layin wane irin mutum ne mai gidan. In ya gamsu, ya dawo ya ce, "Na sallame ka. Babu komai tsakaninmu sai alheri, duniya da lahira." Sannan ya karɓi mabuɗi ya kulle ɗakin, kwana arba'in ba ya ba kowa, ko da an zo ana roƙo.

In an tambaye shi sai ya ce, "Ɗakin yana idda."

Liman ya taɓa tsokanarsa a gaban jama'a, ya ce a wane littafi ya ga idda ta kwana arba'in. Baba ya ce, "Waccan ta mata ce, Malam. Ɗaki ba ya da haƙurin mata, arba'in ta ishe shi." Amma mu na cikin gida mun san dalilinsa, don yakan faɗa in yana cikin raha. Cewa yake mutum ba ya gane ko tashinsa daidai ne sai ya yi wata guda a sabon wuri, in kuwa ya ga ya yi kuskure, kada kunya ta hana shi wurin kwana.

Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, ya yi lakwal, wato karatun boko, har ya samu aikin ofis, kuma wannan idda ta tsaya masa a wuya. Wata rana ya zo da takardu bugun na'ura, ya durƙusa gaban Baba, ina tsakar gida ina jin su.

"Baba, se pa normal, wannan ba daidai ba ne. Ko'ina a garin nan akwai kontira, takardar yarjejeniyar haya, mutum zai tashi sai ya ba da pireyabi, sanarwar wata uku, tukuna. Kai kuma ka kulle ɗaki kana kallonsa kamar hoto."

Baba ya gyara tabarau, ya juya takardar gaba da baya, shi da ba ya karanta sai ajami.

"Takardar ga ta san in matar mutum na da ciki?"

"Baba, ba wannan ake magana ba."

"Ta san in an sallami mutum daga aiki?"

"A'a."

"To mi ta sani?"

Ya karɓi takardun, ya sa wa Yaya albarka, ya ce an gode da ɗawainiya. Inna tana tuyar ƙosai da safe a ƙofar gida. Bayan sati guda na saya wa yara, aka naɗe mini shi a cikin kontira, da tambarinta da komai.

Alhajin nan ɗan Kano da na ce ya zauna dirshan a ƙasa, sau uku yana barin gidan kafin wa'adi. A na farko Lome ya nufa, ya yi sallama da kowa, har ya raba wa mata ƙyallayen shadda, ya ce mu da Zango sai dai ziyara. Ranar kwana na talatin da takwas sai ga shi da 'yar jaka, ya rame, yana ta waige-waige.

"Baba, wucewa nake yi, sai na tuna na bar bokitina."

Baba ko kai bai ɗaga daga rediyo ba. Ya miƙa hannu ya ciro mabuɗi ya ce, "Yana ciki. In neman ya ɗauke ka lokaci, ka kwana."

Neman bokitin nan shekara huɗu ya ɗauke shi. Da ya zo zama kan buzu karo na uku, Baba bai ma yi masa tambayoyin ba, cewa ya yi, "Alhaji, wannan karon mi za ka mance?" Har yau in mu 'yan gidan muka haɗu a biki, aka ce wance ta koma ɗakin mijinta bayan yaji, sai wata ta ce ai bokiti ta je ɗauka.

Akwai kuma wani mai gyaran agogo da ya ji nauyin buzun, ya ce shi ba zai zauna a yi masa tambaya kamar ɗan makaranta ba. Ya jira ranar Juma'a Baba ya tafi masallaci, ya kira amalanke ya loda kayansa zai koma unguwar Bilbalogo. Abin da bai sani ba, tsohon mai amalanken aminin Baba ne, tare suka yi wasan ƙasa. Tsohon ya ɗora kaya, ya kora jakinsa a hankali, ya bi ta ƙofar masallaci daidai ana fitowa, a nan kuma jakin ya ga damar tsayawa. Baba ya fito da carbi a hannu, ya zagaya amalanken, ya ja igiya.

"Ɗaurin ga ba ya kai Bilbalogo. Madubin madam zai fashe a hanya."

Ya kwance kayan ya sake ɗaurewa da hannunsa, jama'ar Juma'a na kallo. A nan tsaye ya yi tambayoyinsa uku, mai agogo yana amsawa gumi na zuba. Sannan ya sallame shi, ya juya ga amininsa ya ce da yaren Moshi, "Yel ka ye," wato babu damuwa, su tafi. Shi ma an kulle ɗakinsa kwana arba'in. Bai dawo ba, amma kowace Salla sai ya aiko wa Baba da zabi biyu.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Baba yana da shisshigi, yana da taurin kai. Ya san wanda ya makara sallar asuba, ya san wadda miyarta ta ƙone, kuma sai ya faɗa. Ni da shi mun yi faɗa a kan igiyar shanya, mun yi a kan kajina, mun yi a kan rediyonsa da ke tashin mini yarinya. Sai dai mijina direba ne a hanyar Lome, yakan yi sati uku ba ya gida, kuma duk abin da namiji zai tsaya a kai Baba ne ke tsayawa. Shi ya yi wa autata huɗuba da aka haife ta uban na kan hanya. Da ciwon fuka ya fara kama ta, shi ya ɗauke mu a mobilet zuwa asibiti, yana feda yana haki, ni a baya rungume da ita, ina yi masa faɗa ya yi sauri, yana ce mini, "Barkono, in kin fi ni ƙarfi sauko ki tura."

Sai shekarar da ma'aikata suka shigo Zango da jan fenti suna rubuta lambobi a bango. Aka ce za a tashi unguwar, masu gidaje za a ba su filaye a Waga Dumil, 'yan haya kuwa kowa ya nemi inda zai sa kansa. Daga nan buzun Baba bai sake yin sanyi ba. Kowa so yake ya riga kowa samun ɗaki kafin gari ya cika. Baba ya yi ta yawo a mobilet daga wannan unguwa zuwa waccan yana leƙa makewayin mutane, har wuyansa ya ƙara tsawo. Kuma duk ɗakin da aka bari sai ya kulle shi kwana arba'in, ɗakin da babu mai nemansa, ɗakin da jan fenti ke jikinsa. Yaya ya gaji da magana, sai dai ya girgiza kai ya yi dariya.

Mijina ya samo mana wuri a Pisi, ciki da falo, har da wutar lantarki. Ya bugo mini daga hanya ya ce in je in zauna kan buzu a madadinsa, saura wata uku Babbar Salla. Na je na zauna. Da Baba ya zo tambaya ta uku sai ya ce, "Kin gaya ma mijinki?" Na ce shi ya aiko ni. Muka yi dariya, Inna ma tana jiyo mu daga ciki tana dariya.

Washegari ya tafi dubawa. Bayan la'asar ya dawo fari fat da ƙura har girarsa, ya aika aka kira ni. Akwai dattawa biyu zaune tare da shi.

"Ban sallame ki ba," ya ce.

Na ce, "Saboda me, Baba?"

"Gidan yana bayan ramin da ake fasa dutse. Ɗan tsayin da na yi, ƙirjina ya kama. Yarinyar ga mai fuka ba ta iya zama can. Ki ba ni kwana goma, akwai wani a Bilbalogo da nake magana da shi."

Ni kuwa na riga na ga ɗakin, na riga na gaya wa ƙawayena, na gaji da tsoron a wayi gari mu rasa wurin kwana da yara huɗu. Kuma ban saba a ce mini a'a a gaban mutane in yi shiru ba. Zuciya ta ɗebe ni.

Na ce, "Baba, haya nake biya a gidan nan, ba riƙona kake yi ba. Kai ba ubana ba ne."

Dattawan nan suka sunkuyar da kai. Baba ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya mayar. Na jira ya yi faɗa, don da ya yi da na samu abin ramawa. Cewa kawai ya yi, "Gaskiya ne, Barkono." Na tashi na ɗauko mabuɗi na ajiye a kan buzun. A iya sanina ni kaɗai ce na taɓa barin gidan nan ba a ce mini na sallame ki ba.

Ko sati ba mu yi a Pisi ba yarinyar ta fara tari. Na toshe taga da tsumma, na yayyafa ruwa a ƙofa, na gaya wa mijina sanyi ne. Na san wanda ya yi gaskiya, kuma sanin ne ya ƙara hana ni komawa. Da aka ce mini Baba na kwance, aka ce zazzaɓi ne, sai na ce bari ya warke in je, kada ya ga kamar ciwon ne ya kawo ni. Wannan wautar ita ce ta fi ci mini rai har yau.

Ranar sadakar uku na ce ko korata za a yi sai na shiga. Na tsallaka hanya, na wuce maza a ƙofar gida kaina a ƙasa. Tsakar gida cike da mata ana tuƙa tuwo, waɗansu suka bi ni da kallo, don babu wadda ba ta ji abin da na faɗa ba. Inna tana ɗakinta cikin kayan takaba. 'Ya'yanta mata uku da ƙannen Baba suna jere a gefenta daga ciki, su ne masu karɓar gaisuwa. Baƙi kuwa a bakin ƙofa suke durƙusawa, su yi ta'aziyya, su ɗan zauna, su ba waɗansu wuri. Na durƙusa inda baƙi suke durƙusawa.

Na ce, "Inna, ya haƙuri?"

Ta ɗago kai. Ta dube ni.

"Sai yau?" ta ce.

Na sunkuyar da kai.

"Ya bar saƙo a kanki. Kwana biyu kafin ya cika ya kira ni da yayanku, ya ce in Barkono ta zo, kada wanda ya karɓi gaisuwarta."

Na ji abin da nake tsoro ya tabbata. Na dafa ƙasa zan miƙe in fita kafin kukan ya ƙwace mini a gaban mutane.

"Ina za ki? Ban gama ba," in ji Inna. "Kullum ke ba kya bari a kai ƙarshen magana. Ya ce ɗiya ba ta zuwa gaisuwar ubanta, karɓa take yi. Ya ce abin da ya faru a zaure tsakaninsa da ɗiyarsa ne, babu ruwan kowa. Cire takalminki ki shigo."

Babbar 'yar Baba ta matsa ta ba ni wuri tsakaninta da ƙanwarta. Ban san yadda na taka na isa wurin ba. Na zauna, aka ja mayafina aka gyara mini, Inna ta sunkuyo ta ce a hankali, "Maganar Bilbalogo ma ya gama ta. Mai amalanke ya san gidan, in an yi bakwai ku kwaso yarinyar nan daga cikin ƙura." Na kifa kai a gwiwa na yi kukan da na yi kwana uku ina riƙewa, har sai da Inna ta ce ya isa haka, ga baƙi nan tafe.

Wadda ta fara shigowa wata tsohuwa ce daga wata unguwa, ba ta san ni ba, ban san ta ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta gai da Inna, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina ta ga idona ya fi na kowa ja, sai ta ce, "Sannu 'yar nan, ya haƙuri? Allah ya jiƙan mahaifinku."

Na ce amin, ban gyara mata ba.